CUTUTTUKAN DA KE TSALLAKOWA DAGA NAMUN DAJI

Mutane da yawa suna zaton duk dabbar da ke ɗauke da cuta lalle a gan ta a galabaice. Ba haka abin yake ba. Akwai namun daji, musamman ɓeraye da jemagu, waɗanda ƙwayoyin cuta iri-iri suke zaune a jikinsu alhali kuwa suna ta harkarsu lafiya lau. Sai ƙwayar ta tsallako jikin ɗan Adam sa'an nan ta nuna halinta.

Ƙasarmu ta daɗe da sanin wannan. A 1956 aka samu wata ƙwaya, dangin ta haukan kare, a jikin jemagun Ikko. A 1968 kuma aka samu 'yar'uwarta a jikin jaɓa kusa da Badun. Amma wadda ta fi shafar mutanen Gombe ita ce ta zazzaɓin Lasa.

An fara gane wannan zazzaɓi a 1969 a garin Lasa, cikin Jihar Barno ta yanzu, sa'ad da wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta kamu. Aka kai ta Jos, a can ta rasu, wadda ta yi jinyarta kuma ta bi ta. Sai a 1972, a ƙasar Saliyo, masu bincike suka gano maɓoyar cutar, watau ɓeran nan mai yawan nonuwa wanda ke zirga-zirga tsakanin gona da gida. A 2016 kuma aka same ta a jikin waɗansu irin ɓeraye biyu dabam a Nijeriya. Ashe ba iri ɗaya kaɗai ne abin tsoro ba.

Ƙwayar tana fita ta fitsarin ɓera da kashinsa. Saboda haka masara ko waken da aka shanya a bakin hanya aka bari ya kwana, da buhun da ɓera ya huda a rumbu ko a shago, duk abin lura ne. 'Yan kasuwar Tudun Hatsi su riƙe wannan da kyau. Cutar ta fi tashi da rani, lokacin da ake ƙona daji ɓeraye su kwararo gari, yara kuma su bi su da sanduna. Hatsarin yana wajen kamawa da feɗewa, tun naman bai ga wuta ba. Iyaye su hana.

Alamun sukan bayyana cikin mako uku da kamuwa: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, kasala, amai. Wajen mutum huɗu cikin biyar abin kan zo musu da sauƙi, shi ya sa ake ɗaukarsa zazzaɓin sauro. Ga sauran kuwa yakan tsananta har ya kai ga zubar jini, cikin waɗanda suka tashi ma akwai masu kurmancewa. Duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro, a garzaya da mai shi asibiti, don maganin ya fi aiki cikin kwana shida na farko. Mai jinya kada ya taɓa jini ko aman majinyaci da hannu tsirara.