Yadda Ake Raba Sabon Kare da Tsoron Mota

A kan iyakar Jibiya ta Jihar Katsina, inda hanya ta miƙe zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ba mutane da buhunan hatsi kaɗai ke shiga mota ba. Raguna da awaki da kaji duk fasinjoji ne, wani lokaci har da kare. Akan ga mafarauci ya samo kare daga wurin abokinsa a ƙetaren iyaka, ko kuwa maigida ya karɓo kwikwiyo domin gadin gida ko na garke. Karen da ya biyo sabon ubangidansa a ƙasa lami lafiya, da zarar an kawo shi bakin a-kori-kura sai ya turje, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, jiki na ɓari, miyau na dalala. Abin da aka saba yi shi ne a ja igiya da ƙarfi, a haɗa masa da sanda, a cicciɓe shi a jefa ciki. Ran da aka sake kawo shi bakin mota kuwa, sai a tarar tsoron ya ninka.

Wannan al'amari ya wuce abin dariya a tasha. Kare mai firgita yana iya cizon wanda ya riƙe shi, ko ya diro daga mota tana cikin gudu. Bugu da ƙari, karen da ba ya shiga mota da wuya ya ga likitan dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar cizon kare suke kamuwa. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allurar rigakafi, cutar takan daina yaɗuwa. Ashe ke nan koya wa kare shiga mota wani ɓangare ne na kare lafiyar jama'a.

Daga ina tsoron yake?

Dalili na farko yana cikin kunne. A can cikin kunnen kare, kamar na mutum, akwai wasu 'yan bututu guda uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk motsin da kai ya yi. Idan mota tana tafiya, kunne yana cewa ana motsi, ido kuwa yana kallon bangon mota yana cewa a tsaye ake. Wannan saɓani shi ke jawo jiri da tashin zuciya da amai, kuma ya fi damun 'yan kwikwiyo. Daɗin daɗawa, kare yana jin siririn sautin da ke girgiza fiye da sau 40,000 a daƙiƙa guda, alhali kunnen mutum iyakarsa wajen 20,000. Saboda haka akwai ƙarar inji da ta ƙarafa da ke damunsa, mai shi bai ma san da ita ba.

Dalili na biyu shi ne rashin sabo tun ƙuruciya. A 1965 wasu masana biyu na Amurka, John Paul Scott da John Fuller, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi shekaru suna yi a kan karnuka. Sun gano cewa daga mako na 3 zuwa wajen na 12 da haihuwa ne kwikwiyo ya fi saurin karɓar sabon abu. Bayan nan sai ɗari-ɗari ya fara rinjaye. Karen da ya tashi a ruga ko ƙauyen da mota ba ta cika shiga ba ya wuce wannan lokaci bai san ta ba.

Dalili na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne abin da kare ya koya. Masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1904, ya lura cewa karnukansa sukan fara zubar da miyau tun daga ganin mai kawo musu abinci. Da ya riƙa haɗa wani sauti da ba da abinci, sai sautin kaɗai ya isa ya sa miyau zuba. Watau ƙwaƙwalwa takan ƙulla abubuwa biyu da suka saba zuwa tare. Ga sabon kare, tafiyarsa ta farko a mota ita ce ranar da aka raba shi da uwarsa ko gidan da ya sani, ga duka, ga amai. Daga ranar, mota da wahala sun zama abu guda a wurinsa. Hausawa sun riga sun faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Yadda ake warware ƙullin

Abin da aka ƙulla ta hanyar koyo, da koyo ake kwance shi. A 1924 wata masaniya a Amurka, Mary Cover Jones, ta yi aiki da wani yaro ɗan kimanin shekara uku mai tsoron zomo. Ta riƙa ajiye zomon a keji can nesa yayin da yaron ke cin abincin da yake so, kullum tana ɗan matso da kejin, har ranar da yaron ya taɓa zomon da hannunsa. Daga baya Joseph Wolpe, likita daga Afirka ta Kudu, ya gwada irin wannan dabara a kan kyanwoyi, ya kuma bayyana ta a littafinsa na 1958. Ita ce likitocin dabbobi ke bi har yanzu, kuma ba ta bukatar wani kayan aiki mai tsada.

Da farko a bar kare ya yi kwanaki yana sabawa da sabon gida da muryar mai shi. Sa'an nan a ajiye mota a kashe, a ba shi abincinsa daga nesan da yake iya ci hankali kwance. Cin abincin shi ne ma'auni: kare mai tsananin tsoro ba ya ci, don haka in ya ƙi, an matso da yawa, sai a ja da baya. Kullum a rage tazarar kaɗan, minti biyar zuwa goma sun isa. In ya saba ci a gindin mota, a buɗe ƙofa, a shimfiɗa buhun da yake kwana a kai, a sa guntun nama a ciki, a bar shi ya hau da kansa ya sauko da kansa. Bayan haka a tayar da inji ba tare da an motsa ba. Daga nan sai tafiyar minti biyu, sai ta biyar, kuma a riƙa ƙarewa a wurin da yake so, kamar fili ko bakin daji. Wani kare mako guda ya ishe shi, wani sai ya haura wata. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar doguwar tafiya, kada a cika masa ciki. A bar 'yan sa'o'i tsakanin ci da tashi. A sa shi a keji mai iska ko a ɗaure shi yadda ba zai iya dirowa ba. A yi sammako, domin a watan Afrilu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, kare kuwa da haki yake sanyaya jikinsa, ƙarfen bayan mota ma yana ƙona masa tafin ƙafa. Idan amai ya ƙi tsayawa, akwai maganin da likitan dabbobi ke bayarwa. Kada a ba shi na mutane da ka.

Gargaɗi

Dalalar miyau saboda mota takan tsaya bayan an sauka. Amma karen da ba a san asalinsa ba, wanda halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalala ba dalili, yana kai cizo ga duk abin da ya gani, ba horo yake bukata ba. A killace shi, a kira ma'aikacin dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar. Lafiyayyen kwikwiyo kuwa ana yi masa allurar farko yana ɗan wata uku, a kuma adana takardar shaidarta, musamman ga mai ƙetare iyaka da dabba.

Ɗalibai suna iya gwada wannan darasi a gida: su auna tazarar da kare ke yarda ya ci abinci kusa da mota ko babur, su rubuta ta kowace rana har mako biyu, su zana jadawalin yadda take raguwa. Malamai kuma suna da abin lura a nan, domin ƙwaƙwalwar da ta haɗa mota da sanda, irinta ce ke haɗa darasin lissafi da bulala a zuciyar yaro.