Abdoulaye Djimdé: Mai Sayar da Magani da Ya Bi Sawun Ƙwayar Maleriya Har Cikin Halittarta

In kai ɗan shekara talatin ne ko fiye, da wuya a ce ba ka san kulorokwin ba. Ga ɗaci, ga ƙaiƙayin da yake hana wasu barci kwana biyu. Duk da haka yana aiki, kuma ga araha. Sai aka wayi gari a sha shi a gama, bayan sati biyu zazzaɓi ya dawo. A 2005 Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. To me ya faru? Maganin dai bai canja ba, ƙwayar cutar ce ta canja. Ɗaya daga cikin waɗanda suka nuna wa duniya yadda za a gane wannan canji a jinin marar lafiya shi ne Farfesa Abdoulaye Djimdé na ƙasar Mali.

An haifi Djimdé a 1964. Haɗa magunguna ya karanta a Bamako, ya gama a 1988, ya buɗe kantin magani nasa. Daga baya ya shiga Cibiyar Bincike da Horarwa kan Maleriya ta Bamako, wadda aka fi sani da MRTC, ƙarƙashin marigayi Farfesa Ogobara Doumbo. Daga nan ya wuce Amurka ya yi digirin digirgir a Jami'ar Maryland tare da Christopher Plowe, ya kammala a 2001, ya koma gida.

Kafin mu je ga abin da ya gano, bari mu ga yadda kulorokwin yake kisa tun farko. Ƙwayar da ta fi kashe mutane a yankinmu ita ce Plasmodium falciparum. Idan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, abincinta shi ne himogulobin, wato sinadarin da yake ɗaukar iskar oksijin. Tana narka shi a cikin wata ƴar jaka da za mu iya kira tumbinta. Matsalar ita ce narkawar tana barin wani dusa mai guba, don haka sai ƙwayar ta dunƙule shi ya zama ƙanƙara marar illa. Kulorokwin yana taruwa a cikin tumbin ya hana wannan dunƙulewa, gubar ta yi yawa, ƙwayar ta mutu da dattin cikinta.

A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin ƙwayoyin da ba sa jin maganin a iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya. Zuwa 1978 abin ya iso Gabashin Afirka, daga nan ya bazu. An daɗe ana neman dalili. Thomas Wellems da abokan aikinsa a Amurka suka haɗa aure tsakanin ƙwayar da take jin magani da wadda ba ta ji, suka bi diddigin ƴaƴan, har suka gano cewa sirrin yana kan kuromosom na 7 cikin 14 da ƙwayar take da su. A 2000 David Fidock da Wellems suka bayyana ainihin ƙwayar gadon, aka sa mata suna pfcrt. Ita ce take ƙera wata ƙofa a jikin tumbin. Idan tubali na 76 na wannan ƙofa ya sauya daga laisin zuwa tiriyonin, abin da ake rubutawa K76T, sai ƙofar ta riƙa fitar da kulorokwin waje kafin ya yi aikinsa.

Amma fa duk wannan a ɗakin gwaji ne. Tambayar da ta rage ita ce, a jikin mutum ma haka abin yake? Nan ne aikin Djimdé ya shigo. Shi da abokan aikinsa suka bi marasa lafiya a Mali waɗanda aka ba kulorokwin, suna ɗiban jininsu kafin magani da bayansa. Kafin a ba da magani, kashi 41 cikin 100 na samfura 116 ne suke ɗauke da K76T. A cikin mutum 60 da cutar ta ƙi tafiya ko ta dawo musu kuwa, babu ko ɗaya da ba a sami wannan sauyi a jininsa ba. An buga sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine a farkon 2001.

Me ya sa wannan ya zama babban abu? A da, in ana son a san ko magani yana aiki a wani gari, sai an tara marasa lafiya, a ba su, a yi ta bibiyarsu sati biyu ko fiye. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, kuma wasu yaran za su galabaita kafin a sami amsa. Yanzu kuwa ɗigon jini daga yatsa, a shanya a kan takarda, a aika ɗakin gwaji, ya isa a ƙiyasta yadda bijirewar ta yaɗu a yankin. Aikin ya kuma nuna wani abu: ba duk mai ɗauke da K76T ne maganin yake gaza wa ba. Manya da suka sha fama da maleriya sukan warke saboda garkuwar jikinsu ta taimaka. Ƙananan yara ne abin yake kayarwa.

Wannan alama ta ba da damar ganin wani abin mamaki a Malawi. Ƙasar ta daina amfani da kulorokwin a 1993. Yawan K76T ya sauko daga kashi 85 a 1992 zuwa kashi 13 a 2000, kuma wani gwaji da aka buga a 2006 ya nuna maganin ya dawo yana warkar da kashi 99. Ashe bijirewa tana da tsada ga ƙwayar, in babu magani sai ƴan uwanta masu asalin ƙofa su rinjaye ta. Kada wani ya ji haka ya ruga kemis neman kulorokwin, domin da an dawo da shi ko'ina, masu bijirewar za su sake yawa.

Djimdé bai tsaya nan ba. Ya jagoranci WANECAM, haɗakar masu gwajin magunguna a Mali, Burkina Faso da Gini, wadda ta bi dubban marasa lafiya tsawon shekara biyu kowanne, ta nuna cewa ana iya maimaita sababbin haɗe-haɗen atimisinin irin su Pyramax duk lokacin da zazzaɓin ya dawo. Ya kuma kafa wata ƙungiya ta masana ƴan Afirka da suke karanta halittar ƙwayar a ƙasashensu. Bincikensu na 2019 a mujallar Science ya nuna cewa falciparum ta Afirka ba iri ɗaya ba ce: ta yamma daban, ta tsakiya daban, ta gabas daban, ta Habasha kuma ta fita zakka. A 2023 aka ba shi lambar yabo ta Christophe Mérieux a Faransa.

Yau magungunan da muke dogaro da su, irin su Coartem, an gina su ne a kan atimisinin, wanda ya jawo wa Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015. Shi ma ƙwayar ta fara gano lagonsa. An ga jinkirin warkewa a yammacin Kambodiya wajen 2008, a 2014 aka gano alamar a ƙwayar gado mai suna kelch13, a 2020 kuma aka tabbatar da irin wannan sauyi a Ruwanda, sannan Yuganda da Eritiriya. Na Afirkan ba daga Asiya aka kawo su ba, a nan suka tsiro. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, don haka in abin ya iso yamma, mu ne a gaba.

Bambancin yanzu da zamanin kulorokwin shi ne akwai alamar da za a duba, akwai kuma masana a Bamako da sauran biranen Afirka da suke dubawa. Namu aikin ba shi da wuya: a yi gwajin jini kafin a sha magani, a guji na jabu da allurar atimisinin ita kaɗai ba tare da cikon haɗin ba, kuma in an fara Coartem a shanye na kwana ukun nan duka ko da jiki ya yi daɗi tun rana ta biyu. Ƙwayoyin da suka tsira daga rabin magani su ne sauro zai kwasa ya kai gidan maƙwabci.