Kafin Ka Tsallaka Da Yaro Ta Jibiya

Mu da muke da dangi a Maraɗi da Madarunfa, tsallaka boda tamkar shiga unguwar maƙwabta ce a wurinmu. Shi ya sa da an ba da hutu sai a haɗa ɗalibi da ƙaninsa ko ɗan yayarsa, a ce ya kai shi wurin gwaggo. Abin da nake son mu lura da shi shi ne, a Magama "ai ƙanina ne" ba shaida ba ce a wurin jami'in shige da fice.

Yaro ko jinjiri ne yana buƙatar takardar tafiya tasa ta kansa, kamar fasfo. Ba a cusa shi cikin ta babba. Tushenta kuwa takardar haihuwa ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Katin asibiti bai wadatar ba. Idan ya kai wata 9, a riƙe katin rigakafin shawara. Nijar ta fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu 2025, amma ɓangarorin biyu sun ce za a ci gaba da zirga-zirga ba biza.

Wadda aka fi mantawa da ita ita ce takardar amincewar iyaye, kuma a ganina ita ce uwa-uba ga irinmu da ba mu muka haifi yaran ba. A rubuta sunan yaro, sunanka, dangantakarku, gidan da za ku sauka da ranar dawowa. Uba da uwa su sa hannu, su bar lambar wayar da ake samunsu, a haɗa da kwafin katin shaidarsu. In so samu ne a buga mata hatimin kotu.

Kada ka ɗauka neman fitina ne. Masu safarar mutane zuwa Agadas da Libiya su ma da "ɗan uwana ne" suke fakewa, kuma tun 2003 aka kafa hukumar NAPTIP don yaƙar wannan ta'asa. Jami'in da ya tsare ka bai san zuciyarka ba, wallahi takarda kawai yake gani.

Sannan a duba sunaye tun a gida. Idan takardar haihuwa ta ce Abubakar Sani, ta iyaye kuma ta ce Habu, to ka shirya dogon zama a benci.