Cikon Haƙorin da Ke Yaƙi da Ƙwayoyin Cuta

Shirinmu na yau zai leƙa cikin baki ne, wurin da likita ya cike kogon haƙori.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka idan an cike haƙori, shi ke nan an rabu da Bukar. Ba haka ba ne. Farin cikon nan na zamani yakan ɗan tsuke lokacin da yake daskarewa, sai ya bar 'yar kafa tsakaninsa da haƙori, wadda ido ba ya gani. Ta nan ƙwayoyin cuta ke kutsawa, su ci sukari, su fitar da tsami, ruɓa ta sake tashi a gefen ciko. Wannan na cikin manyan dalilan da ke sa a sake ciko.

To amma ku biyo ni Japan, don a nan labarin ya kama ni. Matan aure a can sun yi ɗaruruwan shekaru suna rina haƙoransu baƙi ƙirin, kamar yadda kakanninmu mata ke rina nasu da fure. Sunan al'adar ohaguro. Za a jiƙa ƙarfe a ruwan tsami ya yi ta jiƙa, a haɗa da garin wani ƙullutun itace, a shafa, bayan 'yan kwanaki a sake. Ado ne, jama'a, ado! Gwamnati ta fara hana shi a 1870. Daga baya likitoci suka lura cewa wannan rini yana kare haƙori daga ruɓa.

A ƙasar dai, a Jami'ar Osaka, wajen ƙarshen shekarun 1960, Farfesa Reiichi Yamaga da Dakta Mizuho Nishino suka haɗa wani ruwan magani na azurfa da fuloraid, wanda ake kira SDF. Azurfa ta kashe ƙwayoyin cuta, fuloraid ya ƙarfafa haƙori. Ɗigo ɗaya, ba allura, ba injin huda haƙori. Illarsa kuwa, wurin da ya ruɓe yakan koma baƙi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Ku dubi amfanin wannan ga yaron da ke ƙauye nesa da asibiti.

Sai aka ce, me zai hana a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin cikon kansa? An gwada da kulohezidin, amma yakan tsiyaye cikin ɗan lokaci, ya bar ciko da rauni. Nan ma Osaka ce ta kawo dabara: Farfesa Satoshi Imazato ya ƙirƙiro MDPB a shekarun 1990, sinadarin da ke ɗaure a jikin cikon, ba ya tsiyayewa, ƙwayar cutar da ta taɓa shi ta mutu. Sai dai furotin ɗin yawu yakan lulluɓe shi ya rage masa kaifi, shi ya sa bincike bai tsaya ba.

Lokaci ya ci mana. A taƙaice ana gwada burbushin azurfa da na zinki masu ƙanƙanta ƙwarai. Amma babu cikon da zai ɗauke muku aikin buroshi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, da rage zaƙi. Wanda ya ji cikonsa yana tsami ko yana riƙe abinci, ya koma wurin likita tun da wuri.