Allo ko Jigo? Hanyoyi Biyu na Koyar da Fiziks

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne kwatanta hanyoyi biyu na koyar da Fiziks a sakandare, tare da nuna inda harshe ya shigo ciki.

Hanya ta Farko

Ni ɗan Machina ne, a Nguru na yi sakandare. Malaminmu na farko yakan cika allo da Turanci, mu kwafe, mu haddace. Amfanin wannan hanya shi ne tana gama manhaja da wuri, kuma ba ta buƙatar kayan aiki. Illarta kuwa, da an juya tambaya sai ɗalibi ya yi tsuru-tsuru.

Hanya ta Biyu

Wanda ya gaje shi bakin fadama ya kai mu, ya nuna mana jigo, ya ce, "Idan aka matso da nauyin nan kusa da gwafa, ɗago guga zai yi sauƙi ko wuya?" Kowa ya faɗi hasashensa, muka yi gardama, sannan muka gwada. Sai ga shi ya yi wuya, domin ƙarfin juya sanda ya dogara ne ga nauyi da kuma nisansa daga gwafa. Daga bisani ya rubuta ƙa'idar da Turanci.

Bincike ya goyi bayan irin wannan hanya. A 1998 Richard Hake ya nazarci ɗalibai fiye da 6,000 a Amurka. Waɗanda aka yi wa lacca zalla sun cike kusan kashi 23 cikin ɗari na giɓin fahimtarsu, masu tattaunawa da gwaji kuwa kusan kashi 48.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

A ajinmu akwai Mangawa da Badawa da Fulani, amma da Hausa muka yi waccan gardama, domin ita ta haɗa mu. Da an tilasta mana Turanci, da rabin ajin ya yi gum. Sai dai Hausar ma tana da nata giɓin: kalmar "ƙarfi" muke ɗora wa ma'anoni daban-daban da Fiziks ya rarrabe.

Kammalawa

A ganina hanya ta biyu ta fi, amma ba za ta tsaya da ƙafarta ba sai da ingantattun keɓaɓɓun kalmomi. Wannan aiki namu ne. Malamin kimiyya a Gashuwa ko Machina yana jiran mu.