Sulken ɗankunya: hajar da ke kai ɗan kasuwa gidan kaso

Duk mai shiga kasuwar Maraɗi, ko Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai, ya san shimfiɗar masu maganin gargajiya. A nan ake baje ƙaho da fatu da ƙoƙon kunkuru da guntun fatar kada. Amma mutane kaɗan ne suka san da me Allah ya yi wannan sulke da wasu dabbobi ke yawo da shi.

Masana dabbobi suna kiran kowane falle na sulken kunkuru da na kada "sikut", daga wata kalmar Latin mai nufin garkuwa. In kin duba bayan kunkuru za ki ga galibi falle 13 a tsakiya, ƙanana kuma sun kewaye gefe. Ƙashi yana ƙasa, fallayen sun lulluɓe shi. Abin da aka yi su da shi sunansa keratin, kuma da shi aka yi farcenki da gashin kanki da kofaton jaki da ɓawon ƙahon saniya.

Da wannan keratin ne aka yi ɓawon ɗankunya, dabbar da ba ta da haƙori ko ɗaya, abincinta tururuwa da gara. In ta ji motsi sai ta dunƙule ta ɓoye fuska, shi ya sa aka ba ta wannan suna. Zaki kan juya ta ya gaji ya tafi. Mutum kuwa sunkuyawa kawai zai yi ya jefa ta cikin buhu. Ga shi ɗa guda take haihuwa, galibi sau ɗaya a shekara, don haka dajin da aka kwashe ba ya saurin cikowa.

Masu saye suna can ƙasar Sin da Biyetnam, inda ake daka ɓawon a sa cikin maganin gargajiya. Da na Asiya ya yi ƙaranci sai dillalai suka juyo Afirka. Ana tara shi daga dazuzzukan Kamaru da Kwango da Afirka ta Tsakiya, a bi da shi ta mota zuwa tashar jirgin ruwa, musamman ta Legas. A watan Afrilun 2019 ƴan duwan na Singafo sun kama kwantena biyu da suka taso daga Najeriya, kowace da fiye da tan 12 na ɓawon. Takardun ta farko sun ce naman shanu ne a ciki.

A shekarar 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannasbag, ƙasashen duniya suka hana cinikin ɗankunya tsakanin ƙasa da ƙasa, ko naman ko ɓawon, hanin ya fara aiki a 2017. Nijar da Najeriya duk sun sa hannu a wannan yarjejeniya. Ita ma Sin a 2020 ta sa ɗankunya cikin dabbobin da dokarta ta fi karewa.

To ina ruwan mai sayar da tattasai ko atamfa da wannan zance? Ruwanta shi ne saƙo. Ɓawon busasshe ne, ba ya ruɓewa, cikin buhu kuma sai ya saje da kowane kaya. Wani zai tare ki a tasha ya ce ga ɗan buhu, ki haɗa da naki, ga kuɗin mota har da na goro. In aka kwance shi a iyaka, wanda aka samu da kaya shi ne mai kaya. Ƴan duwan da ma'aikatan gandun daji za su riƙe buhun, su riƙe hajarki, ga tara, wataƙila ga kaso. Mai saƙon kuwa ya daɗe da kashe salularsa.

Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa. Direba da ɗan kamasho da mai fatauci, kowa ya buɗe saƙo gaban mai shi kafin ya karɓa. In kun ga fallaye masu ruwan ƙasa, masu kama da manyan farata, ku ce a kai kasuwa. Wanda kuma aka yi wa tallar garinsa da sunan magani, ya tuna abin da ke cikinsa shi ne ke cikin farcen da yake yankewa ya zubar ranar Juma'a. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci.