Daga Gwarzo Zuwa Abuja Ta Sama: Ina Lokacin Yake Tafiya?

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, tazarar a miƙe kusan kilomita 365 ce. A mota kuwa sai an ratsa Zariya da Kaduna, a ci fiye da kilomita 400. Jirgin fasinja idan ya lula yakan yi gudun kilomita 800 a awa, wato a lissafi rabin awa ta ishe shi. Duk da haka kusan awa guda ake rubutawa a tikiti.

Dalili shi ne agogon kamfani yana fara ƙirga tun jirgi ya motsa daga ma'ajiyarsa. Sai ya gangara sannu a hankali zuwa titin tashi, ya jira izini daga hasumiya. Hawa na cin mintuna, saukowa ma haka, kuma a duka biyun ba ya sakin gudu. A gajeriyar tafiya irin wannan, kafin ma'aikata su gama raba ruwa, matuƙi ya soma shirin sauka. Iska ma tana da ta cewa: in ta biyo bayansa ta rage masa lokaci, in ta tare gabansa ta ƙara. A Disamba da Janairu kuwa, hazo yakan rufe sararin Kano har a ɗage tashi ko a soke shi.

Wannan lissafin mazaunin birni ne. Mutumin Gwarzo yana da kusan kilomita 70 a gabansa tukuna. Shi da na Kabo hanya ɗaya ke haɗa su: Rimin Gado, Janguza, sabon matsugunin Jami'ar Bayero, Rijiyar Zaki, sannan cunkoson Kabuga. Ga jiran mota ta cika a tasha, ga wajibcin isa filin jirgi da wuri don tantancewa da awon kaya. Kafin ya taka tsakiyar Abuja, tafiyar awa ɗaya ta cinye masa rabin yini.

Shi ya sa nisa ke yanke hukunci. Daga Kano zuwa filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina kusan kilomita 140 ne ta sama. Ko da an sami jirgin, ɗan Gwarzo gara ya bi ta Dayi a mota. Jidda kuwa kusan kilomita 3,400 ce, kuma cikin kamar awa biyar maniyyaci ya sauka, tafiyar da kakanninmu suka riƙa kwashe watanni, wasu shekaru, suna yi a ƙasa ta Cadi da Sudan.

Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, amma amfaninsa ga mutanen yammacin jihar ya rataya ne a kan titi. Duk mai son kusanto da Gwarzo da Kabo zuwa Abuja ko Makka, to ya kula da hanyar Gwarzo, ya sassauta cunkoson shiga gari, domin a nan ne talaka ke asarar lokacinsa.